Ragar Kalmomi: Yadda Ake Auna Labarin Harin Ta'addanci da Lissafi

Gabatarwa

Da yammacin ranar Juma'a, 20 ga Janairu, 2012, wasu mahara ɗauke da bama-bamai da bindigogi suka auka wa wurare da dama a birnin Kano kusan a lokaci guda. Daga cikin wuraren akwai hedkwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya, da hedkwatar 'yan sandan jiha da ke Bompai, da ofishin jami'an tsaro na farin kaya, da kuma ofishin fasfo na hukumar shige da fice. Gwamnatin jiha ta kafa dokar hana fita ba dare ba rana. Adadin mamata ya yi ta hawa cikin kwanakin da suka biyo baya, har rundunar 'yan sanda ta bayyana cewa an rasa mutum 185: farar hula 150, 'yan sanda 29, jami'an farin kaya 3, jami'an shige da fice 2, da jami'in kwastan 1. Ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram ta ce ita ta kai harin.

Mutumin da yake zaune a Gwarzo ko Kabo a wannan rana bai ga abin da ya faru da idonsa ba. Abin da ya sani ya iso masa ne ta rediyo, ko ta jarida, ko daga bakin direban da ya taso daga birni. Wato abin da ya iso hannunsa kalmomi ne, waɗanda wani ya zaɓa, ya kuma jera su yadda ya ga ya dace. Ana iya samun rahoto biyu a kan aukuwa ɗaya, babu ƙarya ko ɗaya a cikinsu, amma su bar hoto daban-daban a zuciyar mai sauraro. Wannan darasi zai bayyana wata hanya ta lissafi da masana suke bi don auna wannan bambanci, wadda za a kira nazarin ragar kalmomi. Za a nuna asalinta, da yadda ɗalibi zai gwada ta da takarda da fensir, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

Mene ne Raga a Ilimin Lissafi?

Kowace raga, ko ta masunta ko ta gidan ƙwallo, abu biyu ne suka haɗa ta: ƙulli da zare. Zare yakan taso daga wani ƙulli ya ƙare a wani. Masana lissafi sun lura cewa abubuwa da yawa na rayuwa suna da wannan siffa. Alal misali, hanyar mota da ta taso daga Kano ta bi ta Rimin Gado, ta ratsa ƙasar Kabo, ta isa Gwarzo, sannan ta wuce Dayi a Jihar Katsina, raga ce: kowane gari ƙulli ne, kowane yankin titi da ya haɗa gari biyu kuma zare ne.

Wanda ake jingina wa asalin wannan fanni shi ne Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan. A birnin Konigsbag, wanda yanzu ake kira Kaliningrad a ƙasar Rasha, akwai gada bakwai da suka haɗa yankuna huɗu da kogi ya raba. Mutanen garin sun daɗe suna tambaya ko mutum zai iya zagayawa ya taka kowace gada sau ɗaya tak. A wani nazari nasa na shekarar 1736, Euler ya nuna cewa tsawon gadojin da girman yankunan ba su da ruwa da amsar. Abin lura shi ne gada nawa ce ta taɓa kowane yanki. Ɗaya yana da 5, sauran ukun suna da 3 kowannensu, duk mara ke nan, alhali irin wannan zagaye ba ya yiwuwa idan yankunan da ke da mara sun wuce biyu. Darasin da aka ɗauka daga nan shi ne, sau da yawa sanin me ya haɗu da me ya fi sanin girman kowane abu amfani.

A shekarar 1934 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Jacob Moreno, ya wallafa zane-zanen da suka nuna abota tsakanin 'yan makaranta, inda kowane ɗalibi ya zama ƙulli, abota kuma ta zama zare. A shekarar 1977 Linton Freeman ya fito da ma'aunin gane ƙullin da ya fi tsayawa a tsakanin sauran. Daga baya masana irin su James Danowski da Kathleen Carley suka juya wannan ilimi kan rubutu, suka mai da kowace muhimmiyar kalma ƙulli, suka ja zare tsakanin kalmomin da suka zo tare.

Me Ya Sa Ƙirga Kalmomi Kaɗai Bai Isa Ba?

Tsohuwar hanyar nazarin jaridu ita ce a ƙirga sau nawa kalma kaza ta fito. Wannan yana da amfani, amma yana ɓoye abu mai muhimmanci. A ce kalmar "matasa" ta fito sau goma a jarida biyu. A ta farko tana zuwa ne tare da "aikin yi" da "makaranta", a ta biyu kuwa tare da "ƙwaya" da "makamai". Ƙirga zai ce jaridun sun yi daidai, alhali abin da mai karatu ya kwashe daga cikinsu ya sha bamban.

Masanin harshe ɗan Ingila, J. R. Firth, ya koyar a shekarar 1957 cewa ana gane ma'anar kalma ne daga kalmomin da take tarayya da su. Bahaushe ya daɗe da sanin haka game da mutane, da ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kalmar da kullum aka zaunar da ita kusa da "ta'addanci" sai ta kwashi ƙurarsa, ko da sunan gari ne, ko na ƙabila, ko na addini. Ragar kalmomi hanya ce ta nuna, da adadi, wace kalma aka zaunar kusa da wace.

Matakan Saƙa Ragar

Aikin yana da matakai biyar.

1. A tattara rubutun da za a nazarta, a kuma rubuta sunan jarida da ranar da kowane rahoto ya fito.
2. A raba rubutun jimla-jimla.
3. A tace kowace jimla, a bar sunaye kawai, a zubar da ƙananan kalmomi irin su "da", "a", "ta", "ne". Sunan da ya ƙunshi kalma biyu ko uku, kamar "'yan sanda" ko "dokar hana fita", ƙulli ɗaya ne. Tilo da jam'i, kamar "mutum" da "mutane", su ma ƙulli ɗaya ne.
4. A ja zare tsakanin kowane suna biyu da suka zo cikin jimla ɗaya. Idan jimla tana da suna n, yawan zarenta shi ne n(n−1) ÷ 2. Suna 3 zai ba da zare 3, suna 4 zai ba da zare 6.
5. Idan suna biyu suka sake haɗuwa a wata jimlar, ba a jan sabon zare, sai a ƙara wa na farko kauri.

Domin gwaji, ga gajeren rahoto biyu da aka tsara musamman saboda wannan darasi daga tabbatattun bayanan harin 2012. Ba daga wata jarida aka kwafo su ba.

Rahoto na farko:
1. Boko Haram ta kai hari a Kano ranar Juma'a.
2. Harin ya shafi ofisoshin 'yan sanda.
3. Boko Haram ta zargi gwamnati da tsare mabiyanta.
4. Gwamnati ta kafa dokar hana fita a Kano.
5. 'Yan sanda sun ce harin ya kashe mutum 185.

Rahoto na biyu:
1. Hari ya kashe mutum 185 a Kano ranar Juma'a.
2. Cikin mutanen, 150 farar hula ne, 29 kuma 'yan sanda.
3. Cikin mutanen akwai ɗan jarida Enenche Akogwu.
4. Iyalai sun nemi mutanensu a asibiti.
5. Boko Haram ta ce ita ta kai harin.

Idan aka tace rahoto na farko za a sami ƙulli 10: Boko Haram, hari, Kano, Juma'a, ofis, 'yan sanda, gwamnati, mabiya, dokar hana fita, da mutum. Jimla ta 1 ta ba da zare 6, ta 2 da ta 3 da ta 4 sun ba da 3 kowace. Jimla ta 5 ta ba da sabon zare 2 kawai, domin "hari" da "'yan sanda" sun riga sun haɗu a jimla ta 2, saboda haka zarensu ya zama mai kauri 2. Jimillar zare 17 ke nan.

Rahoto na biyu shi ma ƙulli 10 gare shi: hari, mutum, Kano, Juma'a, farar hula, 'yan sanda, ɗan jarida, iyali, asibiti, da Boko Haram. An ɗauki "ɗan jarida" da sunansa a matsayin ƙulli ɗaya. Zarensa kuwa 6 + 3 + 1 + 3 + 1, wato 14.

Ma'auni na Farko: Yawan Maƙwabta

Maƙwabtan ƙulli su ne duk waɗanda zare ya haɗa shi da su kai tsaye. A rahoto na farko, "hari" yana da maƙwabta 6, "Boko Haram" 5, "Kano" 5, "gwamnati" 4, "Juma'a" 3, "'yan sanda" 3, sauran huɗun kuma, har da "mutum", suna da 2 kowannensu. Akwai hanyar tabbatar da cewa ba a yi kuskure ba: idan aka haɗa waɗannan adadi dole su ninka yawan zare sau biyu, tun da kowane zare baki biyu gare shi. A nan an sami 34, wato 17 sau biyu. Haka gadojin Euler suke: 5 + 3 + 3 + 3 ya ba da 14, wato 7 sau biyu.

Mai karatu zai lura cewa "Boko Haram" da "Kano" da "gwamnati" da "'yan sanda" duk sau bibbiyu aka ambace su a rahoton. Da ƙirga kaɗai aka yi, da sai a ce darajarsu ɗaya. Amma raga ta nuna 5, 5, 4 da 3.

A rahoto na biyu lissafin ya juye. "Mutum" ne ya haye gaba da maƙwabta 8, sai "hari" 4, "Kano" da "Juma'a" 3 kowannensu, "farar hula" da "'yan sanda" da "iyali" da "asibiti" 2 kowannensu, "ɗan jarida" 1, "Boko Haram" 1. Jimilla 28, wato 14 sau biyu.

Ga abin da adadin ya fito da shi fili. A rahoto na farko mahara suna tsakiyar raga, waɗanda aka kashe kuma suna can gefe. A na biyu mamata ne a tsakiya, mahara kuma zare ɗaya tak ya riƙe su. Haka kuma "'yan sanda" sun canza matsayi: a na farko maƙwabtansu su ne "hari" da "ofis" da "mutum", wato hukuma ce da aka kai wa farmaki kuma take ba da sanarwa, a na biyu kuwa suna zaune tare da "farar hula" a cikin waɗanda aka rasa.

Ma'auni na Biyu: Dillanci

A kasuwa, dillali ba lallai ne ya fi kowa dukiya ba, amma mai saye da mai sayarwa ba sa haɗuwa sai ta hannunsa. A kan hanyar da aka ambata a baya, duk wanda ya taso daga Dayi zuwa Kano sai ya bi ta Gwarzo, don haka Gwarzo dillali ce a wannan raga. Ma'aunin Freeman yana ƙirga sau nawa gajeriyar hanya tsakanin ƙulli biyu take bi ta kan wani ƙulli na uku.

Ɗalibi zai iya gane babban dillali da gwaji mai sauƙi: ya rufe ƙulli ɗaya da yatsa, ya duba ko raga ta tsinke. A rahoto na farko, idan aka rufe "hari", raga ta rabu biyu: "ofis" da "'yan sanda" da "mutum" a gefe guda, sauran shida a ɗaya gefen. Wato akwai tagwayen kalmomi 3 × 6, ko 18, waɗanda ba su da hanyar saduwa sai ta "hari". A rahoto na biyu, idan aka rufe "mutum", raga takan wargaje gida huɗu. Kalmar da ta zama dillali ita ce ta ɗinke labarin, ita ce kuma mai karatu yake bi ta kanta kafin ya kai ga sauran.

Ma'auni na Uku: Unguwanni

Idan rubutu yana da yawa, za a ga wasu kalmomi sun cure wuri guda, zare ya yi yawa a tsakaninsu, ya yi kaɗan tsakaninsu da na waje. Irin wannan curi shi ake kira unguwa, kuma kowace unguwa takan wakilci jigo guda. A labarin hari ana iya samun unguwar tsaro, da ta jinya da jana'iza, da ta siyasa, da ta addini. Girman kowace unguwa yana nuna yawan wurin da jarida ta ba wannan jigo. Unguwar da aka nema aka rasa ita ma sakamako ce. In babu unguwar marayu da zawarawa a rahotannin wata guda cur, wannan abin rubutawa ne.

Yadda Aka Yi da Harin 11 ga Satumba

Sanannen misali na wannan nazari a kan babban hari ya fito ne daga Amurka. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, wanda ya kashe kusan mutum 3,000, Steven Corman da Kevin Dooley na Jami'ar Jihar Arizona sun tattara dukkan rahotannin da kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fitar a kan lamarin cikin kwana 66 a jere. Ragar da aka haɗa daga aikinsu tana da kalma 13,332 da zare 243,447. Hanyar da suka bi, wadda suka wallafa tare da abokan aikinsu a shekarar 2002, tana ɗaukar sunaye da sifofi, tana kuma auna tasirin kalma da ma'aunin dillanci.

Babbar fa'idar aikin ita ce an raba shi rana-rana, saboda haka ana iya bin yadda tsakiyar labari take ƙaura. Cikin waɗannan kwanaki ne aka aika wasiƙu masu ɗauke da ƙwayar cutar antaras, wadda ta yi kisan farko ranar 5 ga Oktoba, kuma Amurka ta fara kai farmaki Afganistan ranar 7 ga Oktoba. Sunan cutar ya yi tashe a cikin ragar daga watan Oktoba, bayan makonnin farko da hankali yake kan jirage da gine-ginen da suka rushe.

Raga mai wannan girma ba ta zanuwa da hannu, sai da kwamfuta. Daga cikin manhajojin da ake aiki da su akwai Pajek, wadda Vladimir Batagelj da Andrej Mrvar suka fara ƙirƙira a ƙasar Sulobeniya a shekarar 1996, kuma ma'anar sunanta a harshensu gizo-gizo. Akwai Gephi, wadda ta samo asali a Faransa, ana kuma samun ta kyauta a intanet. Akwai AutoMap, ta rukunin Kathleen Carley a Jami'ar Carnegie Mellon. Duk da haka, abin da kwamfuta take yi bai wuce matakai biyar ɗin da aka lissafa ba, sauri kawai ta ƙara.

Ana iya bin harin Kano da irin wannan tsari na rana-rana. Ranar 22 ga Janairu, 2012, Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya zo Kano ya kuma ziyarci Sarki Ado Bayero. Ranar 25 ga wata aka sauke Sufeto Janar na 'yan sanda Hafiz Ringim, aka naɗa Mohammed Dikko Abubakar. Mai nazari zai saƙa raga ta kowace rana, ya duba ranar da sunayen shugabanni suka shigo tsakiya, da kuma ranar da "asibiti" da "iyali" suka fara ja da baya.

Matsalolin da Suka Keɓanta ga Hausa

Mafi yawan manhajojin an gina su ne don Ingilishi, saboda haka mai nazarin rubutun Hausa sai ya yi hattara da abubuwa huɗu.

Na farko, rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Kalmar "kai" tana iya zama sashen jiki, ko wakilin suna, ko aikatau kamar a "kai hari". "Gari" yana iya zama na mutane ko na tuwo. Kwamfuta za ta dunƙule su ƙulli ɗaya, ta ƙirƙiro dillalin bogi.

Na biyu, baƙaƙe masu ƙugiya. Jaridu da shafuka da yawa ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ, don haka "baƙi" ya koma "baki", "ƙasa" ta koma "kasa". Dole a daidaita rubutun kafin a fara lissafi.

Na uku, jam'in Hausa ba ya bin ƙa'ida ɗaya: hari da hare-hare, bam da bama-bamai, gawa da gawawwaki, ofis da ofisoshi. Sai an rubuta jerin waɗannan da hannu an nuna cewa abu ɗaya ne.

Na huɗu, wakilin suna. Marubuci yakan ambaci suna sau ɗaya, daga nan sai ya ci gaba da "ta" ko "su". Idan aka zubar da waɗannan ba tare da an maido da sunan ba, za a rage wa ƙullin maƙwabtansa.

Abin da Raga Ba Ta Iya Gani

Raga ba ta san korewa ba. Jimlar da ta ce "Gwarzo ba ta cikin garuruwan da aka kai wa hari" za ta ja zare tsakanin "Gwarzo" da "hari" daidai da jimlar da ta ce an kai harin. Haka kuma ba ta bambanta wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa. Ba ta san gaskiya da ƙarya ba: rahoton farko da ya ba da ƙaramin adadin mamata da na ƙarshe da ya ba da 185 raga iri ɗaya za su haifar.

Daɗin daɗawa, ƙulli ɗaya yana iya ɓoye abu biyu. A rahoto na farko, gwamnatin da ta kafa dokar hana fita ta jiha ce, alhali 'yan sanda da sauran jami'an da suke tsare mutane na gwamnatin tarayya ne. Haka nan zaɓin mai nazari yana canza sakamako. Wanda ya ja zare tsakanin kalmomin jimla ɗaya da wanda ya ja tsakanin na sakin layi ɗaya ba za su sami raga ɗaya ba. Saboda haka ƙa'ida ce mai nazari ya bayyana dokokin da ya bi, ya yi amfani da su iri ɗaya ga kowace jarida, sannan ya koma ya karanta jimlolin da suka haifar da kowane zare mai kauri kafin ya yanke hukunci. A ƙarshe, raga tana nuna abin da aka rubuta ne, ba ta nuna niyyar marubuci.

Muhimmancin Wannan Nazari

Zaɓin kalma a labarin hari al'amari ne da ya shafi rayuka. Enenche Akogwu, wakilin gidan talabijin na Channels, an harbe shi ne yana bakin aikin ɗauko rahoto a Kano a ranar harin. Wata uku bayan haka, ranar 26 ga Afrilu, 2012, an kai harin bam ofishin jaridar ThisDay a Abuja da wani ginin da ke ɗauke da ofisoshin jaridu a Kaduna, kuma ƙungiyar ta kafa hujja da yadda jaridu suke ba da labarinta. Masu kai irin wannan hari suna neman a yi ta ambatonsu, domin tsoron da labari yake bazawa ya fi nisan da bam yake kaiwa. Edita yana da haƙƙin sanar da jama'a wanda ya yi ɓarna, amma yana da kyau ya san ko rahotanninsa sun ɗora mahara a tsakiya sun ture mamata gefe.

Sunan da ake ba masu ɗauke da makami ma yana canzawa da zamani. Abin da ya faru a Kano a watan Disamba na 1980 ƙarƙashin Muhammadu Marwa Maitatsine, wanda hukumar bincike ta ce ya ci rai 4,177, an fi kiran sa rikici ko tarzoma. Gwamnatin tarayya ta haramta Boko Haram a matsayin ƙungiyar ta'addanci a watan Yuni na 2013. A watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana gungun 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda, aka kuma buga hukuncin a jaridar gwamnati a watan Janairu na 2022. Ga mutanen Gwarzo, waɗanda ƙasarsu take iyaka da Jihar Katsina inda wannan matsala ta yi ƙamari, bambancin "ɓarayin daji" da "'yan bindiga" da "'yan ta'adda" ya wuce na lafazi, domin kowane suna yana jawo nasa maƙwabtan. Idan sunan wata ƙabila ko sana'a ya zama maƙwabcin waɗannan kalmomi na dindindin, wanda bai ji ba bai gani ba yakan ɗauki laifin wani a kasuwa da tasha. Raga tana ba da damar a daina musu a kan ko ana yin hakan, a ɗauko jaridun a ƙirga.

Kammalawa

An ga cewa ragar kalmomi tana mai da rubutu ƙulli da zare, ana kuma auna ta da yawan maƙwabta, da dillanci, da unguwanni. An ga cewa rahoto biyu masu gaskiya a kan harin Kano na 2012 sun ba "mutum" maƙwabta 2 a ɗaya, 8 a ɗayan. An kuma ga cewa sakamakon yana buƙatar mai nazari ya koma ga jimlolin asali. Malaman lissafi da na Hausa za su iya haɗa kai wajen koyar da wannan darasi. Ya kamata malami ya tuna cewa wataƙila a cikin aji akwai wanda ya rasa ɗan'uwa a irin wannan hari, don haka a zaɓi rahotannin jaridu da na rediyo sanannu, a guji hotuna da saƙonnin mahara.

Aikin Yi

1. A zana ragar rahoto na farko da na biyu a kan takarda, a tabbatar da adadin zare 17 da 14.
2. A rahoto na farko, a rufe "gwamnati" da yatsa. Shin raga ta tsinke? A bayyana dalili.
3. A ƙara wa rahoto na biyu wannan jimla: "Gwamnati ta kafa dokar hana fita a Kano." Ƙulli nawa da zare nawa aka samu yanzu? Maƙwabtan "Kano" sun zama nawa?
4. A ɗauko rahoto ɗaya daga Aminiya da wani daga sashen Hausa na BBC a kan aukuwa ɗaya, a saƙa ragar jimla goma na farkon kowanne, a kwatanta kalmomi uku da suka fi yawan maƙwabta.
5. A rubuta labaran rediyo na kwana uku a kan matsalar tsaro, a fitar da maƙwabtan kalmar "'yan bindiga", sannan a koma ga jimlolin a ware waɗanda suke ɗauke da korewa.